Cinikin Kujerar Alƙali: Tambayoyi da Amsoshi ga Mutanenmu na Legas

Duk lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kan kujerar wani gwamna, ko aka ji an aika sunan wani Mai Shari'a zuwa Majalisar Dattawa, zancen kan kwana biyu yana yawo a majalisun hira na Agege, Idi-Araba, Obalende da Mile 12. Wannan ya ce an riga an gama komai a ɗaki, wancan ya ce sharri ake yi wa alƙalai. Ga tambayoyin da aka fi maimaitawa. Amsar yawancinsu wuri ɗaya take komawa: ranar da ka ga sanatoci a talabijin suna tantance alƙali, kasuwa ta riga ta watse, cinikin an yi shi tun kafin sunan ya fito.

Wai Malam, wa ke naɗa alƙali a ƙasar nan, shugaban ƙasa ko alƙalai 'yan'uwansa?

Dukansu, kuma ba wanda ya isa ya yi shi kaɗai. Kundin tsarin mulkin 1999 ya raba aikin hawa-hawa. Idan kujerar ta tarayya ce, hukumar kula da ma'aikatan shari'a ta tarayya ce ke fara tace masu nema, ta miƙa sunaye ga Majalisar Shari'a ta Ƙasa, wato NJC. Ita NJC ta zaɓi wanda ta ga ya dace, ta ba shugaban ƙasa shawara, shi kuma ya naɗa. Idan kujerar babbar kotun jiha ce, hukumar kula da ma'aikatan shari'a ta jihar ce ke fara tacewa, sunan ya je NJC a Abuja, ya dawo hannun gwamna.

Shugaban ƙasa ko gwamna ba shi da ikon ɗauko ɗan gidansa daga waje ya ce ga alƙali. NJC ita ma ba ta rantsar da kowa sai mai sa hannu ya sa. Tun da kowa na riƙe da wani abu da ɗayan ke buƙata, ƙofar ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda a buɗe take.

Sharaɗin shekaru kuwa a rubuce yake: shekara 10 da zama lauya kafin babbar kotu, 12 kafin Kotun Ɗaukaka Ƙara, 15 kafin Kotun Ƙoli.

Kowane alƙali sai ya bi ta gaban sanatoci?

A'a, kuma nan mutane da yawa ke ruɗewa. Waɗanda ake kaiwa Majalisar Dattawa su ne Alƙalin Alƙalan Najeriya, dukan alƙalan Kotun Ƙoli, da shugabannin manyan kotunan tarayya irin su shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara da Babban Jojin Babbar Kotun Tarayya. Sauran alƙalan Kotun Ɗaukaka Ƙara da na Babbar Kotun Tarayya, daga NJC sai teburin shugaban ƙasa sai rantsuwa. A jiha ma Babban Joji da takwarorinsa shugabannin kotuna ne ke zuwa gaban majalisar dokoki. Sauran alƙalan babbar kotu ba sa taka can.

To idan alƙalai ne ke tace 'yan'uwansu, ta ina siyasa ke shigowa?

Ta ƙofofi da dama, kuma ba mai kama da siyasa idan ka hango ta daga nesa.

Ta farko ita ce jerin farko. Kafin a yi maganar wanda ya fi cancanta, sai an yi maganar wanda sunansa ya shiga takarda. A hukumar jiha Babban Joji ne shugaba, amma Antoni Janar na jihar, wanda kwamishinan gwamna ne, yana zaune a ciki, haka ma lauyoyi biyu da wasu mutum biyu da gwamna ya naɗa. Lauyan da gidan gwamnati ba ya so, da wuya sunansa ya ga hanyar Abuja. Bugu da ƙari, ba a ƙara alƙalai sai gwamna ya nuna akwai ɗakin kotu da mota da gidan da za a ba su. Gwamnan da ke fushi ba sai ya ce ya ƙi ba, ya isa ya ce babu kuɗi bana.

Ta biyu rabon kujeru ne tsakanin shiyyoyi da jihohi. Tsarin raba-daidai da ke sashe na 14 na kundin ya sa ba a cewa kujera ta faɗi kawai, sai a ce kujerar Arewa maso Yamma ce ko ta Kudu maso Gabas. Daga nan rigima ta koma cikin shiyya: wace jiha ce ta daɗe ba ta samu ba, wace ce ta ci sau biyu. A nan ne gwamnoni da sarakuna da tsofaffin alƙalai ke fara kiran waya. Ƙa'idojin NJC na 2014 sun ce kamun ƙafa na iya hana mutum kujera. Amma mai hankali ba ya zuwa da ƙafarsa, ubangidansa ne ke zuwa gaisuwa.

Ta uku jinkiri ne, kuma ita ce ta fi kowacce kaifi, domin ba ta barin shaida. Kundin bai ɗaure shugaban ƙasa da wa'adin sa hannu ba. Alƙalai huɗu da NJC ta ba da sunansu domin Kotun Ƙoli a 2019 sai da suka yi kusan shekara suna jira kafin Buhari ya aika da su majalisa. A 2020 an kai masa suna 33 domin babbar kotun Abuja, ya amince da 11 a karon farko. Bai ce sauran ba su cancanta ba a bainar jama'a, ya dai ajiye takarda.

Su wane ne a cikin NJC ɗin nan?

Mutum 24 ne, Alƙalin Alƙalai ne shugaba. Biyar suna ciki saboda muƙaminsu: shi kansa, mai bi masa a Kotun Ƙoli, shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara, Babban Jojin Babbar Kotun Tarayya da shugaban kotun ma'aikata. Ragowar 19, wato tsofaffin alƙalai biyar, manyan jojin jihohi biyar, shugaban kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci ɗaya, na kotun gargajiya ɗaya, lauyoyi biyar da wasu mutum biyu da ba lauyoyi ba, duk ta hannun Alƙalin Alƙalai suke shiga, ko da yake su lauyoyin ƙungiyarsu ce ke ba da sunayensu. Shi ne kuma shugaban hukumar tarayya da ke fara tace sunayen.

Ba 'yan adawa kaɗai ke kuka da wannan ba. Mai Shari'a Musa Dattijo Muhammad, a jawabinsa na bankwana da Kotun Ƙoli a Oktoban 2023, ya fito fili ya ce an tara wa mutum ɗaya iko fiye da kima. Shi ne kuwa na biyu a kotun a lokacin, kuma da ya sauka alƙalai 10 kacal suka rage a kotun da kundin ya yarda ta kai 21 ban da shugabanta.

Shugaban ƙasa zai iya ƙin wanda NJC ta kawo a matsayin Alƙalin Alƙalai?

Labarin Walter Onnoghen ne amsar. A Nuwamban 2016 Mahmud Mohammed ya yi ritaya, NJC ta ba da sunan Onnoghen a matsayin mafi daɗewa. Buhari ya rantsar da shi riƙon ƙwarya, ya ƙi aika sunansa majalisa. Riƙon ƙwarya wata uku ne, sai in NJC ta sabunta. Ana gab da cikar wa'adin, Buhari yana jinya a Landan, Yemi Osinbajo ya aika sunan a Fabrairun 2017, majalisa ta tabbatar da shi a farkon Maris.

A nan ya kamata mutanenmu su yi wa kansu adalci. Tun daga 1987, lokacin da Ayo Irikefe ya sauka, har zuwa 2016, 'yan Arewa ne suka yi ta riƙe kujerar: Mohammed Bello, Uwais, Belgore, Kutigi, Katsina-Alu, Musdapher, Aloma Mukhtar, Mahmud Mohammed. Bin layin daɗewa ne ya kawo haka, ba wanda ya ƙwace. Amma da layi ya zo kan Onnoghen, ɗan Kuros Riba, sai takarda ta maƙale, kuma maƙwabtanmu a nan Legas ba su manta ba.

Ƙarshen labarin ya fi farkonsa ɗaci. Ranar 25 ga Janairun 2019, saura 'yan makonni zaɓen shugaban ƙasa, aka dakatar da Onnoghen bisa umarnin kotun ɗa'ar ma'aikata kan batun bayyana kadarori, ba tare da an bi ta kaso biyu cikin uku na sanatoci da sashe na 292 ya tanada kafin a tsige shi ba. Kotun ta same shi da laifi a Afrilu. A Nuwamban 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta wanke shi, bayan sulhu tsakaninsa da gwamnatin tarayya. Kujerar kam ta riga ta tafi.

Gwamnoni fa?

Su ba sa ma ɓoyewa. A Ribas, daga 2013, gwamna Rotimi Amaechi ya nace sai Peter Agumagu a kujerar Babban Joji, NJC ta ce Daisy Okocha. Kowa ya kafe, kotunan jihar suka shafe watanni a garƙame, masu jiran shari'a na ruɓewa a gidan yari. A Kuros Riba, a 2020, majalisar dokoki ta ƙi tabbatar da Akon Ikpeme a kujerar Babban Joji, wai asalinta Akwa Ibom ne duk da aurenta da shekarun aikinta a jihar, sai a 2021 aka sakar mata kujerar. A Imo, a 2025, gwamna ya tsallake manya ya ɗauko wanda ke ƙasa da su ya ba shi riƙo, NJC ta ce a warware. A Kwara kuwa gwamna da majalisa suka tsige Raliat Elelu-Habeeb a 2009, Kotun Ƙoli ta ce a 2012 ba a tsige Babban Joji sai an bi ta NJC.

Dalilin wannan naci ba ɓoyayye ba ne. Babban Joji ne ke raba shari'u ga alƙalai, kuma shi ne ke kafa kwamitin mutum bakwai idan majalisa ta tashi tsige gwamna ko mataimakinsa.

A nan Legas yaya abin yake?

A fili, lafiya lau. An saba bin layin daɗewa, har ta kai yaya da ƙanwa sun gaji juna: Ayotunde Phillips ta riƙe kujerar Babban Joji daga 2012 zuwa 2014, ƙanwarta Funmilayo Atilade ta karɓa zuwa 2017, sai Opeyemi Oke, sai Kazeem Alogba a 2019.

Amma rashin hayaniya ba rashin ciniki ba ne. Gida ɗaya ke mulkin Legas tun 1999, shi ke da gwamna, shi ke da rinjaye a kujeru 40 na majalisar Alausa. Inda gida ɗaya ne, a cikin gida ake sasantawa. Kuma majalisar ba ta rasa haƙora ba: a Agustan 2023 ta yi watsi da mutum 17 cikin 39 da Sanwo-Olu ya aika domin kwamishinoni da masu ba da shawara, bayan 'yan jam'iyya sun yi ƙorafin an bar su a baya, ƙungiyoyin Musulmi kuma sun yi kukan an rage musu kaso. Majalisar da ta iya haka, gwamna ba zai aika mata sunan Babban Joji bai fara jin ta bakinta ba.

Abin da aka fi mantawa shi ne majistare. Shi NJC ba ta san da zamansa ba wajen naɗi, hukumar jiha ce ke ɗaukarsa, ta ƙara masa girma, ta hore shi. Ɗan acaɓar da aka kama a hanyar da aka hana, mai tireda da aka kwashe wa kaya, yaron da aka tsinta a samamen dare aka ce sai beli ko Kirikiri, ba Kotun Ƙoli za su gani ba. Majistare za su gani, a Ogba ko Ebute Metta ko kotun tafi-da-gidanka. A ganina kujerar da ta fi shafar rayuwar ɗan Arewa a Legas ita ce wadda ba a taɓa zancenta a majalisar hira.

Me ya sa tantancewar sanatoci ke ƙarewa cikin ƙiftawar ido?

Domin duk wanda ke da ƙorafi mai nauyi an riga an ji shi. A Disamban 2023 majalisa ta tabbatar da alƙalan Kotun Ƙoli 11 a zama guda, aka rantsar da su a Fabrairun 2024. Kudirat Kekere-Ekun ta fara riƙon kujerar Alƙalin Alƙalai a Agustan 2024, aka tantance ta aka tabbatar da ita ranar 25 ga Satumba. Ba wai majalisar ba ta iya ƙi ba ce. Ta ƙi Ibrahim Magu sau biyu a shugabancin EFCC, a 2016 da 2017.

Sai dai akwai abin da ke sa sanata ya yi laushi gaban alƙali. Kusan kowane ɗan majalisa ko ya taɓa shari'ar zaɓe ko yana hango ta. Shari'ar kujerar sanata da ta ɗan majalisar wakilai da ta ɗan majalisar jiha a Kotun Ɗaukaka Ƙara take tsayawa, ba ta zuwa Kotun Ƙoli. Wa zai tsananta wa mutanen da gobe kujerarsa za ta faɗa hannunsu ko hannun abokan aikinsu?

A Yunin 2023, a zaman bankwana na majalisa ta tara, Sanata Adamu Bulkachuwa ya miƙe yana faɗin yadda ya riƙa shiga hurumin matarsa lokacin tana aiki domin ya taimaki abokansa 'yan siyasa. Matar tasa, Zainab Bulkachuwa, ita ce shugabar Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 2014 zuwa 2020. Shugaban majalisar na lokacin, Ahmad Lawan, ya yi ta katse shi. Daga baya ita ta musanta cewa ta taɓa karkatar da shari'a domin wani. Ko me mutum ya ɗauka a kai, maganar a zauren majalisa aka yi ta, kyamara na ɗauka.

Mene ne ɗan siyasa ke nema ƙwarai a wurin alƙali?

Da wuya ya ce ga hukuncin da nake so. Abin da yake nema shi ne ranar da shari'arsa za ta zo, ya kasance akwai wanda ke jin nauyinsa. Shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ne ke kafa kotunan sauraron ƙararrakin zaɓe a duk ƙasar, Alƙalin Alƙalai ne ke zaɓar waɗanda za su zauna a kan kowace shari'a a Kotun Ƙoli. Shi ya sa kujerun nan biyu suka fi sauran zafi. A 2011 shugabanninsu biyu, Ayo Salami da Katsina-Alu, suka kwashi rigima kan shari'ar gwamnan Sakkwato. An so a ɗaga Salami zuwa Kotun Ƙoli ya ce ba ya so, domin ya ga ƙarin girman hanyar raba shi da kujerarsa ce. Aka dakatar da shi a Agusta. NJC ta dawo ta ce a mayar da shi a 2012, Jonathan bai mayar ba har ya yi ritaya a 2013.

Kanawan Legas ba sa buƙatar dogon bayani. Kotun zaɓe ta soke nasarar Abba Kabir Yusuf a Satumban 2023, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar a Nuwamba, takardar hukuncin ta fito da saɓani a cikinta, sannan Kotun Ƙoli ta mayar masa da kujerarsa ranar 12 ga Janairun 2024. 'Yan majalisar Filato da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta kora a wancan zagaye ba su da inda za su je, ko da Kotun Ƙoli ta nuna a shari'ar gwamnansu cewa dalilin da aka dogara da shi kuskure ne.

Akwai kuma cinikin da ke zuwa bayan naɗi: motoci, filaye, gidaje. A 2024 an ninka albashin alƙalai, kuma sun cancanta, domin ya shekara da shekaru bai motsa ba. Amma gidan da minista ko gwamna ya gina ya miƙa makulli gaban 'yan jarida daban yake da gidan da ya fito daga kasafin ɓangaren shari'a.

An ce a Amurka babu irin wannan. Gaskiya ne?

Akwai, har ya fi namu, sai dai su a tsakar gida suke yi. Can babu NJC. Shugaban ƙasa ne ke zaɓar wanda yake so, sanatoci 100 su kaɗa ƙuri'a, kuma alƙalin tarayya ba shi da shekarun ritaya, sai mutuwa ko ya sauka da kansa. Namu a shekara 70 suke sauka, tun gyaran da Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023 wanda ya daidaita alƙalan manyan kotuna duka.

Da alƙalin Kotun Ƙoli Antonin Scalia ya mutu a Fabrairun 2016, Obama ya kawo Merrick Garland. Mitch McConnell, jagoran masu rinjaye, ya ce shekarar zaɓe ce, a bar wa sabon shugaba. Ko zaman sauraro ba a yi ba har sunan ya mutu, Trump ya cike kujerar da Neil Gorsuch a 2017. Da wata alƙaliyar kotun, Ruth Bader Ginsburg, ta mutu a Satumban 2020, shi dai McConnell ɗin ya tabbatar da Amy Coney Barrett da ƙuri'a 52 da 48, saura kwana takwas zaɓe. A da sai an tara ƙuri'a 60 kafin a rufe muhawara a kan alƙali. 'Yan Dimokurat suka rushe wannan ga ƙananan kotuna a 2013, 'yan Rifablikan suka ƙarasa rushe shi ga Kotun Ƙoli a 2017.

Ciniki na zahiri ma ana yi, a kuma faɗa. A Nuwamban 2024, bayan Trump ya ci zaɓe, ɓangarorin biyu suka daidaita: a bar wa Biden hanya ya tabbatar da ragowar alƙalansa na kotunan gunduma, shi kuma ɓangarensa ya haƙura da mutum huɗu na kotunan ɗaukaka ƙara. Cikin huɗun akwai Adeel Mangi, wanda da ya wuce da shi ne Musulmi na farko a wannan mataki. Biden ya kammala da alƙalai 235, ya ɗara Trump na zangon farko da ɗaya.

Bambancin shi ne can kana iya buɗe rajista ka ga sanatan da ya ce e da wanda ya ce a'a. A nan murya ake ɗagawa, a buga guduma. Kenya da Afirka ta Kudu sun ɗauki wata hanyar: ana yi wa masu neman kujera tambayoyi a fili, jama'a na kallo. Ko hakan bai hana shugaban Kenya na lokacin, Uhuru Kenyatta, riƙe sunayen alƙalai 41 daga 2019 ba, ɗaya ya rasu yana jira, ya saki 34 a 2021, shida da ya ƙi kuwa sai da William Ruto ya hau a 2022.

Gaskiya ne 'ya'yan alƙalai da matan manya ne ke cinye kujerun?

Ba duka ba, amma ƙorafin yana da tushe. A zamanin da Olukayode Ariwoola ke Alƙalin Alƙalai, ɗansa ya zama alƙalin Babbar Kotun Tarayya a 2023, surukarsa ta samu babbar kotun Abuja a 2024. Masu kare su na cewa haihuwa a gidan alƙali ba laifi ba ne, kuma haka ne. Matsalar ita ce uban ne shugaban majalisar da ke tacewa, kuma ba a nuna wa jama'a makin kowa ba, balle lauyan da ba shi da uwa a gindin murhu ya san da me aka fi shi.

Ɗana a Agege aka haife shi, lauya ne. Zai iya zama alƙali a Legas?

A takarda, ƙwarai. Sashe na 271 shekara 10 na aikin lauya ya nema, bai ce sai ɗan asalin jiha ba, sashe na 42 kuma ya hana nuna bambanci saboda asali. Legas ta fi yawancin jihohi buɗe ƙofa: Rauf Aregbesola ɗan Osun da Ben Akabueze ɗan Anambra duk sun yi kwamishina a nan.

A aikace kuwa yaron na iya faɗawa tsakanin gida biyu. A Legas a ce ɗan Kano ne, a Kano a ce ba a san shi a kotunan jihar ba, domin masu ba da shaida a kan mai nema su ne alƙalan da ya tsaya gabansu da reshen ƙungiyar lauyoyin da yake ciki. Idan aka zo kujerar tarayya, kason jihar asali ake dubawa. Ko a 2012 Aloma Mukhtar ta jinkirta rantsar da Ifeoma Jombo-Ofo a Kotun Ɗaukaka Ƙara saboda an haife ta 'yar Anambra tana neman kason Abiya, jihar mijinta, kafin daga baya a rantsar da ita.

Shawarata, Alhaji, ya zaɓi gida ɗaya tun da wuri ya dasa ƙafa. In Legas ce, ya shiga reshen lauyoyi na Ikeja ko na Legas a san fuskarsa, ya nemi ma'aikatar shari'a ko kujerar majistare. Kekere-Ekun ta nan ta biyo: majistare a Legas a 1989, babbar kotu a 1996, ɗaukaka ƙara a 2004, Kotun Ƙoli a 2013.

Ashe ba gara mu ma mu dage a sa namu ba, tun da kowa nasa yake so?

Wakilci yana da amfani, kundin ma ya san da haka: ya ce a Kotun Ɗaukaka Ƙara a samu aƙalla alƙalai uku masana shari'ar Musulunci ta iyali da uku masana dokar gargajiya. Ga mazaunin Legas wannan ba ƙaramin abu ba ne, tun da jihar ba ta da kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci.

Amma a duba shari'ar hijabi. Babbar kotun Legas ta goyi bayan hanin da gwamnatin jiha ta yi a makarantunta a 2014. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe hukuncin a 2016. A Yunin 2022 Kotun Ƙoli, biyar da biyu, ta ce ɗaliba na da haƙƙin sa hijabinta. Abin da ya ceci 'ya'yanmu a makarantun Agege da Mushin shi ne alƙalan da suka iya cewa gwamnatin Legas ta yi kuskure. Haka a 2004 Kotun Ƙoli ta gaya wa Obasanjo ba shi da ikon riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Legas. Alƙalin da ya hau ta hannun ubangida, ko garinku ɗaya, bashin ubangidan ke wuyansa ba naka ba. Rigimar masarautar Kano a Mayun 2024, inda kotun tarayya da ta jiha suka yi ta ba da umarni masu karo da juna a gari ɗaya, ba baƙi ne suka yi ta ba.

Talaka yana da ta cewa kafin a naɗa alƙali?

Yana da 'yar kafa. Tun 2025 NJC ta ce za a riƙa wallafa sunayen masu neman manyan kujerun shari'a domin jama'a su faɗi abin da suka sani kafin a kammala. Wanda ya san wani majistare ko lauya da cin hanci ko danne haƙƙi yana iya rubutawa, amma da sunansa, da hujja, da takardar rantsuwa daga kotu. Saƙon WhatsApp marar suna ba ya zuwa ko'ina, ƙazafi kuma na iya juyowa kan mai shi. Wa'adin gajere ne, don haka ƙungiyoyin kasuwa da fadodin sarakunan Hausawa su sa lauyansu ya riƙa duba sanarwar. Ƙorafi kan alƙalin babbar kotu NJC ake kai wa a Abuja, kan majistare kuwa hukumar kula da ma'aikatan shari'a ta jihar Legas ko ofishin Babban Joji.